"Da Sauƙi": Nazarin Lamarin Wata 'Ya da Mahaifinta a Watanninsa na Ƙarshe

Dattijon yana da shekara 73 aka gano yana ɗauke da sankarar huhu, kuma a ranar da sakamakon gwajin ya fito cutar ta riga ta kai ga haƙarƙari da ƙashin baya, wato matakin da likitoci ke kira na huɗu, wanda magani ke iya rage masa gudu amma ba ya tumɓuke shi. Kafin nan ya yi wata uku yana fama da tarin da kowa ya ɗauka mura ce ta ƙi sakin sa, ya rame har rigunansa suka yi masa yawa, daga baya kuma wani ciwo ya riƙe masa gadon baya ya hana shi kwanciya rigingine. Haka wannan cuta ta saba yi. Tsokar huhu ba ta jin zafi kamar yadda fata ko ƙashi ke ji, saboda haka ƙari yakan daɗe yana girma ba a farga ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ta fi kowace sankara kisa a duniya, inda take ɗauke rayuka kusan miliyan 1.8 a kowace shekara.

Wadda wannan nazari ya fi mai da hankali a kanta ita ce babbar 'yarsa, mace mai shekara 44, malamar makaranta, mai 'ya'ya uku, wadda jinyar ta faɗo a wuyanta ba tare da an zauna an ɗora mata ba. Tana da ƙane da ke aiki a nesa, yana aiko da kuɗi yana kuma bugo waya safe da yamma, da ƙanwa mai goyon jariri. Mahaifiyarsu ta rasu shekara tara kafin wannan, cikin dare ɗaya, sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ba ta samu ta yi wa kowa sallama ba. Na sakaya sunayensu da duk abin da zai sa a gane su. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce a sashen sauƙaƙa wa masu cutar da ba ta warkewa, kuma na shiga lamarin ne a mako na biyar.

Da sakamakon ya fito, 'yar ce likita ya fara sanarwa, a bakin ɗaki, domin uban bai gama farfaɗowa daga allurar barcin da aka yi masa ba. Abin da ta fara furtawa, kamar yadda ita da kanta ta gaya mini daga baya, shi ne: "Likita, don Allah kada a faɗa masa." Hujjarta ita ce idan ya ji sunan cutar zai karaya, karayar kuma za ta kai shi ƙasa tun kafin cutar ta kai shi. A daren suka yi shawara su uku ta waya, suka tsayar da cewa za a ce masa ruwa ne ya taru a huhunsa, ana kuma yi masa allurai don ya janye. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, tunda akwai ruwan, har an zuƙe shi sau ɗaya, kuma irin wannan rabin gaskiya ta fi tsagwaron ƙarya wuyar warwarewa. Roƙon nata ba baƙo ba ne a gare mu. A 1961 wani bincike da Donald Oken ya yi a kan likitoci a Amurka ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 sun fi son kada su gaya wa majinyaci yana da sankara, amma da aka maimaita tambayar a 1979 sai kashi 97 cikin 100 suka ce sun fi son su faɗa. Cikin shekara 18 likitoci suka sauya ra'ayi. 'Ya'yan majinyata kuwa har yau suna tare mu a bakin ƙofa da roƙon da ta yi.

Zuwana bai yi mata daɗi ba. Ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan ai sashen waɗanda aka fidda rai da su ne." Na yi mata bayanin cewa aikin namu ya samo asali ne daga Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, kuma ita ce ta dage a kan cewa ciwon mai cutar ajali bai tsaya ga jiki kaɗai ba, ya haɗa da tsoro, da damuwar iyali, da tambayoyin da mutum ke yi wa kansa idan dare ya tsala. Abin da ya sassauta ta shi ne wani gwaji da aka wallafa a 2010, wanda aka yi a Boston a kan mutum 151 masu irin cutar mahaifinta a irin matakinsa: waɗanda aka haɗa da sashe irin namu tun da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, sun fi ƙarancin ƙuncin zuciya, kuma matsakaicin abin da suka rayu ya kai wata 11.6, alhali sauran sun tsaya a wata 8.9. Ta amince in riƙa zuwa gida sau biyu a mako, bisa sharaɗin kada in ambaci sunan cutar a gabansa. Na karɓi sharaɗin, kuma wannan kuskurena ne. Na gaya wa kaina cewa ina jiran lokacin da ya dace, alhali gudun ɓacin ranta nake yi.

Mako biyun da suka biyo baya su ne suka fi nuna mini abin da rufa-rufa ke ci. Kullum da safe takan shiga ta durƙusa gefen gado ta ce, "Baba, yaya jikin?" shi kuma ya amsa, "Da sauƙi." Ta ciccire takardun da ke cikin kwalayen magani, ta tattara sakamakon gwaje-gwaje ta cusa a ƙasan jakarta. Shi kuwa, mutumin da ya yi shekara 35 yana aikin akawu, wanda 'ya'yansa suka shaide shi da cewa ko rasit ɗin da bai kai komai ba sai ya karanta shi har ƙasa, ya daina tambayar sakamako gaba ɗaya. Ya cire agogonsa ya ɗaura wa jikansa, ya ce ya yi masa nauyi a hannu. Da dare ana jin motsin takardu a ɗakinsa. A 1965 masana zamantakewa biyu, Barney Glaser da Anselm Strauss, bayan sun daɗe suna lura da yadda ake mutuwa a asibitoci, sun siffanta wani yanayi da majinyaci da na kusa da shi duk suka san gaskiya amma kowa yana taya ɗan'uwansa yin kamar bai sani ba. Abin da nake gani ke nan a gidan, ko da yake a lokacin ban gane ainihin fasalinsa ba.

Babbar ɓarnar ta faɗa ne a kan ciwon jiki. Idan na tambaye shi zafin ciwon a gaban 'yarsa sai ya ce kaɗan ne, amma idan aka zo juya shi ina ganin yadda yake damƙe bakin zanen gado har yatsunsa su ƙage, ya cije haƙora, gumi ya karyo masa a goshi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar da muke bi: a fara da magani mai sauƙi, idan bai isa ba a hau zuwa mai ƙarfi kamar mofin, a kuma ba da shi bisa agogo, kamar kowace awa huɗu, ba sai ciwo ya taso ba. 'Yar ta ƙi mofin saboda dalili biyu. Na farko shi ne tsoron da mutane da yawa ke da shi cewa idan aka fara shi to an gama, alhali idan aka daidaita shi da ƙarfin ciwon ba ya gaggauta ajali, kuma matsalarsa da aka fi gani ita ce taurin bayan gida, wadda ake tara da magani tun ranar farko. Na biyu, wanda ba ta faɗa ba sai da na matsa, shi ne cewa zai tambayi dalilin da ya sa ake ba mai ruwa a huhu irin wannan magani. Ke nan sirrin da aka ƙulla don a kare shi ya zama shi ne ya tsaya tsakaninsa da barcin dare.

Ita ma jikinta ya gaya mata. Takan farka wajen ƙarfe uku na dare ta je ta tsaya a bakin ƙofarsa tana ƙirga numfashinsa, sai ta kai ɗari sannan ta koma. Idan kuka ya zo mata takan shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji. Likitan ƙwaƙwalwa Erich Lindemann ya ba wa irin wannan suna tun 1944, lokacin da ya lura da iyalan sojojin da suka tafi yaƙi suna jimamin mutuwar mutumin da ke raye. Wahalar wannan jimami ita ce ba shi da wurin ajiyewa: babu mai yi maka ta'aziyya, kuma wanda kake kuka dominsa yana ɗakin kusa yana jiran ka shigo da fara'a. Wata rana ta gaya mini, ba ta iya kallon fuskata ba, cewa a daren jiya ta ji zuciyarta ta ce da ma a gama, kuma tun daga lokacin take ganin kanta a matsayin muguwar 'ya. Na ce mata na ji wannan magana daga bakin masu jinya da yawa, mafi yawansu kuma waɗanda suka fi kowa tsayawa ne, domin wanda bai kwana a gefen gado ba ba ya gajiyar da za ta kai shi ga wannan tunani. Wata abokiyar aikinta ta kawo mata batun matakai biyar na jimami da likitar ƙwaƙwalwa Elisabeth Kübler-Ross ta zayyana, wato musu, fushi, ciniki, ƙunci da sallamawa, sai ta shiga tuhumar kanta da cewa ta maƙale a matakin musu. Waɗannan matakai na 1969 daga hira da masu cutar ajali aka samo su, kuma ba tsani ba ne da ake hawa bi da bi. Mutum yana iya fushi da safe, ya sallama da rana, ya koma ciniki da ƙaddara da dare.

Akwai kuma wani tsoro a ƙarƙashin wannan wanda ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Ta fara jin tari a maƙogwaronta, tana lalube wuyanta tana neman ƙari. Da muka zauna a kai sai ta ce abin da ke hana ta barci shi ne idan Baba ya tafi babu sauran wanda ya san ta tana jaririya, babu mai ce mata "yarinyar nan", kuma daga ita sai kabari, babu kowa a gabanta a layi. A ganina wannan shi ne ginshiƙin rufa-rufar. Ta gaskata cewa shi take karewa, kuma da gaske tana son sa, amma muddin ba a furta sunan cutar a ɗakin ba, ita ma ba sai ta dubi abin da ke jiran ta ba.

A mako na bakwai ya ruɗe. Ya yi kwana biyu yana sambatu, yana kiran matarsa da ta rasu, yana fama da ƙishirwar da ba ta yankewa. Gwajin jini ya nuna sinadarin kalsiyam ya yi masa yawa, abin da ke faruwa idan sankara ta shiga ƙashi, kuma da aka yi masa ƙarin ruwa da maganin da ke sauke shi sai hankalinsa ya dawo garau. A rana ta uku, 'yar ta fita karɓo magani, sai ya yafito ni da hannu ya ce, "'Yata, matso in tambaye ki. Yarinyar nan ta san abin da ke damuna kuwa? In ba ta sani ba, ku bi ta a hankali, har yanzu ba ta gama farfaɗowa daga rasuwar uwarta ba." Ashe tun ranar da aka kawo masa takardar amincewa da allurar farko ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya ga sunan cutar, sannan ya ce ya manta tabarau a gida, a nuna masa inda zai sa hannu. Mako bakwai kowannensu yana ɗauke da kaya iri ɗaya a ɗaki ɗaya, kowa yana zaton shi kaɗai ya san nauyinsa.

Washegari muka zauna mu huɗu, da shi da ita da likita da ni. Likitan ya fara da tambayarsa abin da ya fahimta game da jikinsa da kuma iya abin da yake son a gaya masa, wanda shi ne ya kamata a yi tun ranar farko. Dattijon ya faɗi sunan cutar da bakinsa. 'Yar ta kife kanta a gefen katifa tana cewa, "Baba, ku yafe mini," shi kuma ya dafa kanta ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mahaifiyarku ba a ba ta lokaci ba, ni an ba ni, kada ku cinye mini shi." Daga nan ya juya ga likita ya tambayi saura nawa. Likitan ya ce watanni ne, ba shekaru ba, kuma mai yiwuwa 'yan kaɗan ne, ya ƙi yanke adadi. Ya yi daidai, domin wani bincike da Nicholas Christakis da Elizabeth Lamont suka wallafa a 2000 ya nuna cewa hasashen likitoci game da masu cutar ajali kashi 20 cikin 100 ne kawai ya dace, mafi yawa sun wuce gona da iri wajen kyautata zato, kuma iya daɗewar likita da majinyaci iya ƙaruwar kuskurensa.

Ba na cewa kowane majinyaci yana son a zayyana masa komai. Na sha ganin waɗanda suka ce a yi magana da 'ya'yansu su kuma a bar su, kuma wannan haƙƙinsu ne da ake mutuntawa. Laifin da muka yi wa wannan dattijo shi ne babu wanda ya tambaye shi, har aka yi masa zagaye biyu na magani mai kayar da jiki ana zaton bai san ko na mene ne ba.

Abin da ya biyo baya ya tafi da sauri. A daren aka fara mofin, ya yi barcin awa shida a jere karo na farko cikin wata biyu, kuma bayan an yi masa gashi sau ɗaya da na'urar haske a ƙashin baya har ya iya zama a kujera. Ya gwada zagaye na uku na maganin sankarar, ya kwantar da shi kwana goma, sai ya ce ya isa. Ya bayyana cewa ba ya son a kai shi sashen kulawa ta musamman ko a sa masa na'urar numfashi, yana son ya ƙarasa a ɗakinsa. Ya fito da littafin da yake rubutu da dare, wanda ke ɗauke da bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya kuma sa aka kira masa ƙanensa da suka yi shekara 12 ba sa ga-maciji. Ɗan nasa ne ya tayar da ƙura, yana cewa a waya, "Yaya, kin sallama shi ke nan? A gwada wani asibitin mana." Da ana cikin rufa-rufa da wannan rigima ta raba su, domin ita kaɗai za ta ɗauki alhakin hukuncin. Sai uban ya karɓi wayar ya ce shi ya yanke, kuma abin da yake so daga ɗansa shi ne ya nemi hutu ya zo. Ya zo ya yi mako biyu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa tattaunawa da majinyata a kan yadda suke son a kula da su a ƙarshen rayuwa ba ta ƙara musu ƙuncin zuciya, kuma iyalan waɗanda aka yi ta ɗora wa magunguna masu tsanani a makon ƙarshe sun fi faɗawa cikin matsananciyar damuwa bayan rasuwar.

Gwajin da ya rage mata shi ne na cokali. Da ya daina cin abinci sai ta riƙa bin sa da lallashi, ko loma ɗaya ce, shi kuma ya buɗe baki don ya faranta mata sannan ya ƙware. Na ɗauki lokaci kafin ta yarda cewa jikin da ke rufe ayyukansa ba ya jin yunwa irin tamu, kuma rashin cin alamar tafiyar ce, ba shi ne sanadinta ba. Muka sauya wa hannunta aiki: jiƙa masa leɓe da auduga, shafa mai a dugadugansa, juya shi kowace awa biyu don gudun gyambon kwanciya, da kunna ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa masa a fuska, abin da ke rage jin sarƙewar numfashi. Ƙanwarta ta karɓi dare biyu a mako, aka rubuta jadawalin aka manna a bayan ƙofa. Na sanar da su tun da wuri abin da za su gani, wato barci mai tsawo, sanyin ƙafafu, numfashin da ke tsayawa na daƙiƙoƙi sannan ya dawo, da kurarin majina a maƙogwaro wanda ya fi damun mai sauraro fiye da mai yin sa. Na ce su ci gaba da yi masa magana, domin akwai alamun cewa ji yana cikin abubuwan da ke daɗewa.

Rai ya yi halinsa mako 11 bayan wancan zama, da asuba, a cikin 'yan mintocin da ta fita ta wanke fuska. Wannan ya ci mata rai ƙwarai, ko da yake na sha ganin haka, mai jinya ya yi kwana da kwanaki a zaune sannan a tafi a ɗan tsakanin da ya miƙe.

Na koma wurinta bayan wata huɗu. Ta koma aiki, tana ci tana sha, kukan yana zuwa yana tafiya, kuma babu alamar jimamin da ke daskarar da rayuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa a matsayin lalura idan ya zarce aƙalla wata shida yana hana mutum gudanar da al'amuransa. Ta je an duba tarin nata, ba a ga komai ba. Har yanzu takan farka ƙarfe uku wani lokaci, kuma fankar tana nan inda take a kan teburin gefen gado. Abin da ba ta daina lissafawa ba shi ne makonni bakwai na farko, ta ce da su da an yi hirarraki da yawa. Ta kuma gaya mini cewa a makon da ya wuce ta kira babbar 'yarta, mai shekara 17, ta nuna mata inda take ajiye takardunta, ta ce mata duk ranar da likita ya ja ta gefe a bakin ɗaki, to ta dawo da shi ciki a yi maganar a gabanta. Yarinyar ta ɓata fuska ta ce, "Mama, don Allah ki daina irin wannan maganar." Uwar ta ce mini ba ta daina ba, sai da ta kai aya.